Jinjina ga Masu Saƙa na Matameye

Kafin iskar hunturu ta kankama a watan Disamba, matan Matameye masu saƙa sun daɗe da shiri. Dubi hannun ɗayarsu: zaren ulu naɗe a yatsa, kwarashi na shiga yana fita, tana hira da maƙwabciya ba ta ko kallonsa. Sannunku da aiki, iyayenmu! Safar jariri ta fi wuya. A dunduniya ake gane gwana, don in ƙidaya ta kuskure sai an warware an sake. Gwanjo ya cika kasuwanni har Damagaram, amma su kan auna ƙafar yaro su saƙa daidai da ita, su haɗa da hula da rigar sanyi, a kai wa maijego ranar suna.