Waƙoƙin Ta'aziyya Na Zamani: Ina Labarin Mamacin Ya Shiga?

Ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, ana jajiberin ƙaramar Sallah, Kano ta wayi gari da labarin rasuwar jarumar fim Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. Ta yi sahur ta kwanta, ashe kwanciyar ke nan. Kafin a kai ta makwancinta hotunanta sun cika wayoyi, ba a jima ba kuma waƙoƙin ta'aziyya suka biyo baya a YouTube da TikTok. Haka aka yi wa darakta Aminu S. Bono a 2023, haka ma aka yi wa Rabilu Musa Ibro waƙoƙi a 2014. Abin ya zama al'ada: da zarar wani sananne ya cika, sitidiyo ta buɗe, an kunna fiyano, mawaƙi ya sa bakinsa a makirfo tun iyalan mamaci suna kan tabarmar makoki.

Wanda ya saurari waɗannan waƙoƙi guda biyar ko shida a jere zai ji kamar tela ɗaya ne ya yanka su. Ana farawa da salati cikin murya mai rawa, a ambaci sunan mamaci, a ce duniya ba matabbata ba ce, sannan a shiga jero sunaye: wane ka yi haƙuri, wance ki yi haƙuri. Jarumai, furodusoshi, wani lokaci har da ɗan siyasar da mawaƙin ke fatan ya ji. A bidiyon kuwa, hoton mamaci yana dariya, sai hoton makara, sai taron jana'iza, a sake komawa farko. Idan aka cire sunan wannan mamaci aka sa na wancan, waƙar za ta zauna daram, babu baitin da zai yi gardama.

To a nan gizo ke saƙar. Waƙar da za ta dace da kowane mamaci ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta san ranar da ya mutu, ta san waɗanda suka zo gaisuwa, amma shekaru arba'in ko hamsin da ya yi yana tafiya daga ƙuruciya zuwa kabari, ba ta da labarinsu.

Yi wa mamaci waƙa ba baƙon abu ba ne, ko a Musulunci ko a ƙasar Hausa. Larabawa suna da Khansa'u, wadda marsiyyoyinta ga ɗan'uwanta Sakhru suka sa har yau ake ambatonta, Hassanu ɗan Sabitu kuma ya yi wa Manzon Allah (SAW) marsiyya bayan wafatinsa. A nan gida, kisan Sardauna Ahmadu Bello ranar 15 ga Janairu, 1966, da na Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, sun sa marubuta waƙa da makaɗa da yawa sun zubar da hawayensu a baiti. Amma duk wanda ke son ya ga inda fasahar ta kai ƙololuwa, sai ya koma Sakkwato ta ƙarni na 19, wurin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haifi Asma'u a 1793, ta rasu a 1864, ta kuwa ga mutuwa iri-iri: mahaifinta a 1817, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, daga baya mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Ta yi wa manya marsiyya da Fulatanci da Larabci da Hausa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ba ta tsaya kan manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ake kira jaji, masu jagorantar 'yan taru, wato matan ƙauye da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta, ta kuma yi wa wata baiwar Allah mai suna Zaharatu. Babu sarauta, babu dukiya, babu yaƙin da waɗannan mata suka ci. Da halinsu ta gina waƙoƙin. Halima mace ce mai hankali da riƙon zumunci, mai son yara da manya. Zaharatu kuwa ita ake kira in mace na naƙuda, ita ake kira in za a yi wa gawa sutura, tana kuma koya wa waɗanda ba su sani ba addini. Ko da Asma'u ta zo kan Bello, wanda ya ci garuruwa ya kafa ribaɗoɗi, halinsa ta fi tsayawa a kai: iliminsa, adalcinsa, tsoronsa ga Allah.

Yau fiye da shekara 150 ke nan, babu hoton Zaharatu ko ɗaya, babu muryarta a kaset, amma wanda ya karanta marsiyyarta a cikin tarin ayyukan Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997 zai ji kamar ya taɓa zama unguwa ɗaya da ita. Zai kuma ji kunyar kansa, domin tambayar da ke biyo baya ita ce: shi fa, in an kira shi, zuwa yake yi?

Wannan tambaya ita ce ƙafa ta biyu da tsohuwar fasahar ke tsaye a kai. Waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu da Imfiraji ba sa barin mai sauraro ya zama ɗan kallo. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasa idanunsa tun yana ƙarami, ya rayu daga 1894 zuwa 1990, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa saboda Imfiraji. Makafi da almajirai sun yi ta rera waƙar a ƙofar gidaje da tashoshin mota, matan aure suna ji daga cikin gida suna aiko da sadaka. A irin waɗannan waƙoƙi, gawar da ake wankewa ta mai sauraro ce. Shi za a naɗe a likkafani, shi za a ɗora a makara, a yi masa kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, a zuba masa ƙasa a juya a bar shi da aikinsa. Malaman wa'azi sukan ɗauko mutum tun daga samartaka, lokacin da jini ke tafasa yana ganin gobe tasa ce, su bi shi zuwa magidanci mai fafutukar tara abin duniya, su nuna masa furfurar farko a matsayin ɗan aike, su raka shi har ranar da gwiwa za ta ƙi ɗaukarsa zuwa masallaci. Mutuwa a wurinsu ƙarshen wata doguwar tafiya ce da aka fara tun ranar suna.

Marsiyya ta nuna wane ne mamacin, wa'azi ya juyo da madubi ga mai rai. Waƙar ta'aziyya ta yau, in ban da 'yan kaɗan, ta saki biyun duka ta kama jerin sunaye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A zamanin kaset, sai an shiga sitidiyo, an buga, an kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, kafin waƙa ta isa kunnen jama'a an ɗauki makonni. Wannan jira, ko da ba don shi aka yi ba, yakan ba mawaƙi damar tunani. Yanzu kuwa kwamfuta ɗaya da ɗaki ɗaya sun isa, kuma kasuwar intanet ta mai sammako ce. Labarin mutuwa yana da zafi kwana biyu ko uku, wanda ya riga sakin waƙa shi ke kwashe masu kallo, wanda ya tsaya gyaran baiti ya tarar an watse. Matashin da ke neman a san shi ya fahimci cewa sunan babban mamaci tsani ne, sunayen manyan da ya jero kuma ƙofofi ne da wataƙila ɗaya za ta buɗe. Mai gaggawa irin wannan ba shi da lokacin zuwa ya tambayi uwar mamaci yadda ɗanta yake tun yana yaro.

Zalunci ne a ce duk don kuɗi ake yi. Yawancin waɗannan mawaƙa abokan aikin mamatan ne, sun ci abinci a kwano ɗaya a wurin ɗaukar fim, kukan da ake ji a muryarsu na gaske ne. Masana'antar Kannywood kuma ta sha ɗaukar gawar matasa fiye da yadda zuciya ke iya jurewa. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003 tana amarya. Ahmad S. Nuhu ya rasu a hanya ranar 1 ga Janairu, 2007, yana tsakiyar tashensa. Kamal Aboki, matashin mai barkwanci, shi ma haɗarin mota ne ya yi ajalinsa a farkon 2023. Saurayin da ba ya zama wurin wa'azi, wanda rabonsa da maƙabarta ya manta, ta irin waɗannan waƙoƙi ne yake tuna cewa ba tsofaffi kaɗai ake binnewa ba. Dubban mutane kuma sukan rubuta “Allah ya jiƙansa” a ƙarƙashin bidiyon, addu'a kuwa ba ta da kaɗan. Wannan alheri ne, bai kamata a raina shi ba.

Sai dai saboda alherin ne ma ya kamata a nemi fiye da haka. Mawaƙin da ya samu kunnen matasa a daidai lokacin da zukatansu suka yi laushi ya samu abin da limamai da yawa ke nema ba su samu ba. Asara ce ya ɓatar da wannan dama wajen lissafa sunayen 'yan gaisuwa.

A ɗauki Ibro. An haife shi a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a Disambar 1971, ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43. Kafin fim aikin gandiroba ya yi, yana tsaron fursunoni, daga nan ya koma sana'ar sa mutane dariya, har ta kai babu gidan da ba a san muryarsa ba daga Kano zuwa Damagaram, daga Zangon Kumasi zuwa Garwa. Yaron ƙauye da ya ga bayin Allah a kulle, ya fito ya shekara da shekaru yana sassauta wa talaka ƙuncin rayuwa, ya kuma tafi bai ga tsufa ba: wannan labari ne da mai fasaha zai yi baiti ɗari a kai bai ƙure shi ba. Ko Daso, wadda ta yi suna da fitowa a muguwar uwar miji da kishiya mai makirci har wasu masu kallo suka ɗauka halinta ne, ta rasu tana da shekara 56 da azumi a bakinta. Tsakanin fuskar da aka sani a fim da matar da 'yan'uwa da maƙwabta suka sani akwai waƙa guda, mai koya wa mutane kada su yanke wa kowa hukunci da abin da ido ya gani. Irin wannan waƙa sai wanda ya je ya zauna ya tambaya zai iya yin ta.

Akwai kuma batun hotuna, wanda ya fi na baiti ciwo. A jana'izar sanannun mutane yanzu, hannayen da ya kamata su kama makara ko su ɗaga don addu'a, waya suke riƙe da ita. Ana ɗaukar gawa a likkafani, ana ɗaukar bakin kabari, ana ɗaukar fuskar maraya yana kuka, gobe a ɗora kiɗa a kai. Addini ya yi umarni da suturta mamaci da gaggauta binne shi, ya hana kururuwa da yage tufafi, Bahaushe ma ya san gawa da kunya. Matar da ke cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta buƙatar ta buɗe waya ta ga makarar mijinta tana yawo da amshi. Malamai sun sha yin magana a kan wannan, ya rage ga masu haɗa bidiyon su ji.

Gyaran ba ya buƙatar doka ko hukumar tace fina-finai. Haƙuri yake buƙata. Zaman makoki kwana uku ne, a bar wa iyalai kwanakinsu. Mawaƙin da ya ƙaunaci mamaci da gaske ya je jana'iza da ƙafarsa, wayarsa a aljihu, ya yi gaisuwa kamar kowa. Bayan ƙura ta lafa, ko da bayan arba'in ne, ya koma ya zauna da waɗanda suka san mutumin: abokin makarantar allo, maƙwabcin da ya ranta wa kuɗi bai taɓa tambaya ba, ƙanwar da ya aurar. Ya nemi izinin iyali kafin ya sa hoto. Ya rage sunayen masu rai, ya ƙara ayyukan wanda ya tafi. Waƙar ba za ta samu masu kallon kwana ukun farko ba, amma 'ya'yan mamacin za su iya kunna wa nasu 'ya'yan ita.

Sannan a faɗaɗa ido. Kusan duk waƙoƙin ta'aziyyar da ake yi yau na taurari ne, da sarakuna, da 'yan siyasa, da attajirai. A kowace unguwa ta Kano da Katsina da Maraɗi akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin, akwai malamin allon da ya shekara arba'in a zaure ɗaya, akwai dattijon da ke haƙa kabari ba ya karɓar ko sisi. Suna rasuwa a yi musu sallah bayan azahar, mutane su watse, babu mai sa su a baiti. 'Yar Shehu, matar Waziri, ƙanwar Sarkin Musulmi, ta ɗauki alƙalaminta ta rubuta wa irinsu a Sakkwato tun kafin a ƙirƙiro makirfo. Mawaƙan Kano da Kaduna da Jos suna da kayan aikin da ba ta taɓa mafarkinsu ba, kuma ungozomar tana nan a bayan gidansu, ta tsufa, jikokinta na zaune a gabanta sun san labarinta kaf.