Makau a Cikin Shaihu Umar: Uban da Nazari Ya Tsallake

Tun da aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya, hankalin manazarta ya fi karkata ga mutum biyu: shi Umar, da mahaifiyarsa wadda ta faɗa bauta garin neman ɗanta har ta kai Tarabulus. Makau kuwa, mijin uwar, akan ambace shi ne a wuce, alhali a kansa masifar farko ta sauka.

Makau bafade ne na kusa da Sarkin Kagara. Bayan an komo daga wani hari, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙulli don hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya sa aka kwashe dukiyarsa, aka kore shi daga gari. Mutumin da ya saba da hawa da zaman fada ya wayi gari ba shi da ko anini.

A nan ne gwanintar marubucin ta fito. Bai ɗora wa Makau dogon wa'azi a kan haƙuri ba, kuma bai sa shi zaman ƙulla ramuwa ba. Tafiya ya yi har Makarfi, ya sake kafa gida a baƙon wuri, da ya sami wurin zama kuma sai ya aika a zo masa da iyalinsa. Cikin iyalin nan har da Umar, wanda agola ne a gare shi. Haƙurin da Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974, ga shi nan a aikace. Ɗan Kausani ta ƙasar Wudil da ya ga mahaifinsa ya rasa shanu da amfanin gona a farin 1973, sa'an nan ya ga damina ta kewayo tsohon ya ɗauki fartanya, ba ya bukatar a fassara masa Makau.

Sai dai akwai ƙaya a cikin wannan yabo. Arzikin da Makau ya rasa, na fadar da ke rayuwa da harin bayi ne, kuma fataucin bayin nan ne daga baya ya haɗiye matarsa da agolansa. Littafin bai taɓa sa shi ya dubi wannan ba. Mai karatu yana tausaya masa don an zalunce shi, ya manta da waɗanda ya kamo.

Rauni na biyu na zubi ne. Da aka sace Umar, labari ya bi yaro da uwa zuwa hamada, aka bar Makau a baya, ba a ba shi filin da zai nuna yadda ya ɗauki rashi na biyu, wanda ya fi na dukiya ciwo.