Mai Ɗaure wa Baƙo Kayan Zangon Farko

A Agoè Zongo, can arewacin Lome, akwai wata 'yar maƙwabtanmu mai karatun digiri na biyu, wadda duk farkon shekarar karatu tabarmar ƙofar gidansu ba ta rabuwa da baƙi. Jadawalin darussa take tsara wa ɗaliban da suka sauya jami'a, ba ta karɓar ko sisi, kuma na daɗe ban ga aikin basira mai tsabta irin nata ba.

Ranar da na zauna na kalli aikin, wani yaro ne ya zo bayan la'asar. Ya yi shekara guda yana karatun tattalin arziki a Jami'ar Kara, tafiyar sama da kilomita 400 daga nan, sai harkar mahaifinsa ta dawo da iyalin Lome. Takardar sakamakonsa, wadda kowa a nan ke kira relebe, tana naɗe cikin leda. Ya riga ya yi nasa zaɓin: duk abin da 'yan shekara ta biyu ke ɗauka, har da ƙari.

"Yaya, so nake in kamo sa'o'ina," in ji shi.

"Ƙanena, ajiye wannan tukuna. Miƙo mini relebe."

Sai mutum ya san tsarin zai gane abin da take nema a takardar. Tun 2008 Togo ta rungumi tsarin LMD, wato lisans, masta da dakta. Lisans zango shida ne, kowane zango kredi 30, jimla 180, kuma darasi yana shiga aljihun ɗalibi ne in ya samu 10 cikin 20. Jami'o'in Nijar da Benin da Burkina Faso ma a kan wannan turba suke, ƙungiyar REESAO da ke haɗa kansu kuwa a Lome aka kafa ta a 2005. Saboda haka ɗan Maraɗi ko ɗan Yamai na iya tahowa da kredinsa kamar yadda falke ke tahowa da kuɗin guzuri. Sai dai kuɗin baƙo sai an duba shi kafin a karɓa, hukumar jami'a ce ke yanke wane darasin can ya yi daidai da wane na nan.

A nan gwanintarta ta farko take. Ba ta yarda da sunan darasi. Biyu na iya amsa suna ɗaya alhali na can kredi uku ne, na nan biyar. Wasu kuma sunansu ya sha bamban amma cikinsu ɗaya. Ta riƙa tambayar yaron abin da aka koya musu mako mako, har ta sa ya ɗauko tsohon littafin rubutunsa ta buɗe shafukan ƙarshe, don ta ga inda malamin ya tsaya. Abin da ta tabbata za a karɓa ta yi masa alama da shuɗin biro. Wanda take shakka ta ja masa layi da fensir, ta ce ya nemo cikakken bayanin darasin daga Kara, da yawan sa'o'insa da hatimi, kafin ya je ofishin DAAS mai kula da rajistar ɗalibai. Darussa biyu da ya faɗi kuwa ta zagaye su da ja, ta ce, "Wannan bashi ne."

Daga nan ta yi abin da ya fi burge ni. Ta juya jerin darussan lisans ɗin ta fara daga zango na shida tana dawowa baya. Wannan darasin ƙarshe, me ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga? Shi kuma wancan, wa ya haife shi? Haka ta bi salsala kamar mai lissafin dangi, har ta iske darasin lissafi na shekarar farko da yaron ya faɗi shi ne kakan darussa huɗu da ke gaba. Ɗayan bashin kuwa babu abin da ya rataya a wuyansa, zai iya jira.

Jami'ar Lome tana kiran zangonta na farko Harmattan, wato hunturu, na biyu kuma Mousson, da sunan iskar damina. Zango na ɗaya da na uku da na biyar 'yan hunturu ne, sauran na damina. Darasin hunturu in ya wuce ka, sai wani hunturun ya zagayo. Shi ya sa ta ce lissafin nan shi za a fara aza wa jaki, ko da kuwa yaron zai zauna aji ɗaya da waɗanda yake ganin ƙannensa ne. Ya ɗaure fuska. Ta ƙyale shi ya gama, ta ci gaba da rubutu.

Sauran aikin na hanya ne, wanda babu takardar jami'a da za ta gaya maka shi. Ba da son ransu mutanen Zongo suka yi nisa da gari ba: a 1977 aka tashi tsohon zangon da ke tsakiyar Lome aka maido shi nan wajen Togblékopé. Ɗalibin unguwarmu sai ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, tare da manyan motocin da ke jigila tsakanin tashar jiragen ruwa da Burkina da Nijar, kafin ya kai harabar jami'a. Ta lissafa masa kuɗin zem, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa, ta nuna masa cewa darasi ɗaya tak a rana asarar kuɗin babur ne, gara a tara su a kwana uku ko huɗu. Tun da zai ɗauki darussa daga shekaru biyu daban, ta jera sa'o'insu gefe da gefe, ta gano guda biyu da suka yi karo ranar Talata da safe, ta sauke ɗaya. Ta duba Juma'a da rana ta bar masa sarari. Har tazarar da ke tsakanin wannan anfi, wato ɗakin lacca, da wancan ta sa a lissafi, domin wanda ya makara a babban ɗakin lacca a bakin ƙofa zai tsaya.

Ina kallonta sai na tuna da masu gidan da Michel Agier ya yi nazarinsu a wannan unguwa, a littafinsa na 1983: attajiran da ke saukar da fataken shanu da na goro, su ba su masauki, su nuna musu wa za a yarda da shi a kasuwa. Kalmar ma ɗaya ce, zangon fatake da zangon karatu. A ganina gadon nan ne ya sauya kaya kawai, kuma da jami'o'i sun san darajar irinta da sun ba su kujera a ofis.

Da ta gama, kredin da ke takardar bai kai 30 ba. Yaron ya ƙirga sau biyu.

"Yaya, ai da saura."

"Da saura, ƙanena. Ba ka san malamai ba, ba ka san inda ake liƙa sanarwa ba, ba ka da wanda zai ara maka rubutu in zazzaɓi ya kwantar da kai. Wannan ma darasi ne, ba a rubuta masa kredi ba ne kawai."

Ta kwafe jadawalin a sabuwar takarda, ta bar layukan fensir yadda suke har sai amsar hukuma ta fito. Aka kira magariba, ya naɗe takardar ya mayar cikin ledar tare da relebe, wata yarinya da ta taho daga Damagaram ta matso kan tabarmar da tata ledar.