Alamar Hamza da Rikicewar Launi a Kwamfuta

Ɗalibin da ke shigar da hirarrakin Hausawan Maiwurno, zuriyar masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin shirin Python yakan ga launin rubutu ya rikice daga kalmar 'ya'ya. Akasari akan ɗora wa manhajar rubutu laifi, alhali matsalar ita ce alama ɗaya mai aiki biyu: hamza ce a Hausa, a Python kuwa ita ke buɗe zance da rufe shi. Goge ta ya fi ɓarna, domin 'ya'ya zai koma yaya. Harafin ƴ na Nijar yana magance 'y kaɗai; kalmomi irin su sana'a sai da alamar Unicode U+02BC.