Fiffiken da Ya Ci wa Eduard Shekara Biyu

Yau a filinmu na masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, magana ɗaya ce za mu tsaya a kai: Messerschmitt Bf 109G-6 ɗin da kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya fitar a shekarar 2014 a ma'aunin 1/48, da fiffikensa da ya wuce tsawon da ya kamata. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san irin ɗokin da aka yi kafin fitowarsa. A 2013 Eduard ya fitar da Spitfire Mk IX wanda ya sa kowa ya sara masa, ga kuma MiG-21 ɗinsa tun kafin nan. Samfurin Bf 109 na kamfanin Hasegawa na Japan da aka dogara da shi tun shekarun 1990 ya tsufa, ana jiran magajinsa. Kwali ya iso, aka buɗe, ido ya ƙoshi: layukan jikin jirgi siri-siri, ƙusoshi ƙanana kamar an ɗiga su da bakin allura, mazaunin matuƙi cike da kaya har da bel na siririn ƙarfe mai launi. Sai wasu suka ɗauko rula suka aza a kan fiffike, murna ta koma ciki.

Lissafin ba shi da wuya. Faɗin Bf 109G na gaske, daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, mita 9.92 ne. A raba shi gida 48, a samu kusan milimita 207. Na Eduard ya haura haka da milimitoci, gangar jikin ma ta ɗan ɗara, ya zama jirgin da aka rubuta wa 1/48 a kwali ya fi girman 1/48. A nan ne nake cewa an yi tuya an manta da albasa. Wannan ba jirgin da ya ɓace a tarihi ba ne da za a ce sai an yi kirdado. An ƙera Bf 109 sama da 33,000, G-6 kuma shi ne nau'in da aka fi ƙerawa, fiye da 12,000. Akwai shi a gidajen tarihi na Turai da Amurka, akwai takardun masana'anta. Abin da ya fi ci mini rai, a ƙasar Cek ɗin kanta aka ci gaba da ƙera wannan jirgi bayan Yaƙin Duniya na Biyu da sunan Avia S-99 da S-199, kuma S-199 yana nan ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Kbely a birnin Prag. Samfuri ba ya fitowa kasuwa sai ya bi ta hannun mai zane a kwamfuta, ya bi ta hannun masu sassaƙa mazubin ƙarfe, a zuba na gwaji, a harhaɗa, a duba. A duk wannan doguwar hanya a ce fiffike ya wuce da tsawonsa haka? Laifin masu sa hannu a ce a buga ne, shugabannin da ke da ikon cewa a dakata a sake aunawa.

Na san abin da wasunku ke faɗa yanzu a gaban rediyo: milimita nawa ne duka-duka, wa zai gani? Hujja ce mai ƙarfi, domin gaskiya ne idan ka ajiye jirgin shi kaɗai a kan tebur, ka fesa masa fentin toka-toka na sojan saman Jamus, ka manna masa tambari, baƙon da ya shigo ɗakinka Messerschmitt zai gani. Amma a wannan ma'auni kowace milimita ɗaya tana wakiltar kusan santimita biyar a jikin jirgin gaske. Kuma mai wannan sha'awa ba ya ajiye jirgi ɗaya. Yana jera shi kusa da Spitfire da Mustang da Fw 190 don ya ga abin da littafi ya daɗe yana gaya masa, cewa 109 ɗan ƙaramin jirgi ne matsattse, an cusa masa babban injin DB 605, har da aka ƙara masa manyan bindigogin MG 131 sai da aka yi wa murfin injin ƙullutu biyu don su samu wuri. Ƙanƙantar nan ita ce labarin jirgin. Idan fiffike ya miƙe, labarin ya gurɓace. Lambar 1/48 da ke bisa kwali alkawari ne tsakanin kamfani da mai saye, a kanta ne ya ba da kuɗinsa. Tabo a jikin roba ana cike shi da foti, a goge da samfefa, a wuce. Jirgin da aka zuba da girma fiye da ƙima kuwa, ko ka yanke bakin fiffike ka rage, sauran jikin yana nan yadda yake. Tun ran gini ran zane.

Wasu kuma sukan ce masu ƙirga ƙusoshi ne suka hura wutar, mutanen da ba sa harhaɗa komai sai neman aibu. A nan zan ba su rabin gaskiya. Akwai masu zafin baki a cikinmu da ke kashe wa sabon shiga gwiwa, yaro ya kawo Spitfire ɗinsa na Airfix na farko, gam ya ɗan ɓata gilashin, maimakon a yaba a nuna masa gyara sai a rufe shi da gori. Wannan ɗabi'a ce mummuna. Sai dai wanda ya aza rula a kan fiffiken Eduard ba yaro ya ci wa fuska ba, kamfani ya riƙe da alkawarinsa. Shaida mafi girma kuwa daga Eduard ɗin ta fito: ya amsa kuskuren, ya koma ya sassaƙa sabbin mazubai, a 2016 ya sake fitar da G-6 a kan daidai. Mazubin ƙarfe shi ne abu mafi tsada a wannan sana'a. Da a ce surutu ne kawai, babu ɗan kasuwar da zai yi wannan asara. Ni mai ƙaunar aikin Eduard ne, ban ɓoye ba, kuma wannan mataki ya ƙara masa daraja a idona. Amma shekara biyu ta tafi a kan fiffike, ga shi a ƙarshen 2017 kamfanin Tamiya ya shigo da nasa G-6 mai sauƙin haɗawa, aka raba kasuwar.

Saura alƙalan gasa, kuma da su nake da ƙorafi. Ƙungiyar IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, ita ce uwa a wannan fage, taronta na Telford kowane watan Nuwamba shi ne babbar kasuwar baje koli. A ƙa'idar reshenta na Amurka, abin da alƙali ke fara dubawa shi ne tsabtar aiki: ko an ɓatar da layin haɗi, ko fukafukai sun daidaita, ko tayoyi sun tsaya sak, ko tambari ya kwanta ba tare da ƙyallin iska a ƙarƙashinsa ba. Dacewa da jirgin gaske tana zuwa daga baya. Na fahimci dalilinsu: ba alƙalin da zai haddace awon kowane jirgi, kuma hannun mai harhaɗawa ake aunawa, ba na kamfani ba. To amma shi zaɓen kwalin da za ka saya, da sanin inda ya karkace, da wahalar gyara shi, ashe ba gwaninta ba ce? Mutum biyu su ajiye 109 a tebur ɗaya, ɗaya ya kwana yana awo yana yanka yana gyara, ɗayan ya haɗa na 2014 yadda ya fito daga kwali ya yi masa fenti mai sheƙi, alƙali ya zo da tocila yana leƙen layin gam, ko kallon faɗin fiffike bai yi ba. Awon jirgi irin wannan, da kowa ya sani, layi ɗaya ne a takarda, rula kuma tana shiga aljihun riga tare da tocilar.