Direba da mai duba tikiti: wani karatu na littafin Sembène Ousmane

Littafin *Les bouts de bois de Dieu*, wanda Sembène Ousmane ya wallafa a 1960, ya daɗe a hannun malaman Faransanci. Yana ba da labarin yajin aikin da ma'aikatan layin dogo na Dakar-Niger suka yi daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948. Galibi ana koyar da shi ta fuska biyu: gwagwarmaya da Turawan mulkin mallaka, da tattakin da mata suka yi daga Tiyes zuwa Dakar. Duka biyun suna ciki. Amma akwai ta uku da ake tsallakewa, wato rabon aiki a cikin jirgin kansa, alhali a kanta marubucin ya gina halayen mutanensa.

Ɗalibi a Safo, cikin ƙasar Madarunfa, yana da uzuri in bai lura da wannan ba. Sunan layin ma yana ruɗinsa, don kuwa kogin Isa ake nufi, kuma dogon a Kulikoro ta Mali ya tsaya. Layin Yamai zuwa Doso da aka buɗe a 2016 bai zama hanyar fasinja ba. Abin da yaron ya sani shi ne mota: direba da yaron mota. In aka ce masa jirgi, sai ya ɗauka babbar mota ce mai ma'aikata biyu.

Jirgin fasinja na wancan zamani ya wuce haka. Direba yana kan jirgi, idonsa a kan alamun hanya, hannunsa a kan birki. Kusa da shi akwai mai ciyar da wuta, wanda ke kula da ruwa da ƙarfin tururi. Shugaban jirgi ne ke da alhakin taragai da lokaci, kuma jirgi ba ya tashi sai shugaban tasha ya ba da izini. A ƙasa akwai masu juya layi, da masu gyaran dogo, da maƙera a ma'aikatar Tiyes. A cikinsu duka, wanda ke haɗa ido da fasinja kullum shi ne mai duba tikiti.

A nan gwanintar Sembène ta fito. Bakayoko direba ne, kuma aikinsa ya bi shi har cikin halinsa: kullum yana kan hanya, yana hangen nesa, ya san Bamako da Tiyes da Dakar da harsunansu, amma bai cika waiwayar na bayansa ba, har iyalinsa. Diara kuwa mai duba tikiti ne. Laifinsa bai tsaya ga komawa aiki ana tsakiyar yaji ba. Ya yi amfani da ɗan ikon da ke hannunsa ya riƙa sauke matan ƴan yajin daga jirgi. Shi ya sa a shari'ar da aka yi masa a Bamako muryar mata ta fi nauyi, a taron da a da ba a jin bakinsu. Direba in ya ci amana, jirgi ne zai tashi. Mai duba tikiti in ya ci amana, mace ce za a bari a wata tasha, nesa da gida, kuma ta san fuskarsa da sunan ubansa. Tsoho Fa Keïta, wanda ya yi rayuwarsa yana shimfiɗa dogo, shi ya hana a doke shi, don ya ga kunyar da ya sha a bainar jama'a ta fi bulala. Wannan babi ya cancanci mako guda a aji.

Duk da haka littafin yana da giɓi. Da yake labarin tsayawar jirgi ne, ba a cika ganin ma'aikata suna bakin aiki ba. Mai ciyar da wuta da shugaban jirgi kusan inuwa ce kawai, shi kuma Bakayoko an ɗaukaka shi har ya rufe abokan aikinsa, kamar direba shi kaɗai ke tafiyar da jirgi. Maigadi Sounkaré, da ya mutu shi kaɗai a ma'aikata, ya fi su samun kulawar alƙalami. Malami ne zai cike wannan giɓi da allo da alli.

Maganar kuma ta kusanto gida. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Daga Jibiya zuwa Maraɗi ƙasar Madarunfa ce. Injin tururi ya wuce, mai ciyar da wuta ya tafi tare da shi, amma sauran ayyukan suna nan, kuma da yawansu ba su da tsayayyen suna a Hausar wannan yanki. Tarago da tikiti da reluwe daga Nijeriya suka shigo, sunayen muƙamai kuwa da Faransanci ɗalibi ke haɗuwa da su. Malaman Hausa da ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi za su iya fara wannan aiki da fassara babin shari'ar Diara.