Ƙarfi da ƙarko: sharhi kan gwada tsofaffin na'urorin wasan bidiyo

Masu gwada tsofaffin na'urorin wasan bidiyo galibi da ma'auni guda suke aiki, wato yawan bit: 8, 16, 32, 64. A ganinmu wannan ma'auni gurgu ne, kuma kuskuren ya faro tun daga kalma. Abin da Faransanci ke kira "puissance" akan fassara shi da "ƙarfi" a tsaya nan, alhali Hausa ta raba ƙarfi da ƙarko.

1. Ko a fagen ƙarfin ma, bit ba ya raba gardama. Mega Drive ta Sega (1988) da Super Famicom ta Nintendo (1990) duka a ajin 16 suke. Ƙwaƙwalwar ta farko, Motorola 68000, tana gudun megahaz 7,6. Ta biyu ba ta wuce 3,58. Amma wajen launi sai reshe ya juye da mujiya: Sega na nuna kimanin 64 daga cikin 512, Nintendo kuwa 256 daga cikin 32 768. Jaguar ta Atari (1993), wadda aka tallata da 64, PlayStation mai 32 (1994) ce ta kayar da ita a kasuwa.

2. An soki Nintendo 64 (1996) don kasetinta bai wuce megabait 64 ba, ga faifan PlayStation na ɗaukar kusan 650. Wannan hukunci bai san ƙurar hunturun Tasawa da Mayahi ba. Faifai na buƙatar injin juyi da idon leza, ga shi yana karcewa. Kaset kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa.

3. Akwai kuma dacewa. A shekarun 1990 talabijin ɗin Nijar na bin tsarin SECAM, na Nijeriya PAL. Na'urar PAL da ta fito daga kasuwar Kano ko Katsina, in ta haɗu da akwatin da SECAM kaɗai ya sani, hoto fari da baƙi za ta bayar. Ina amfanin launi 256 a nan?

Saboda haka muna ba masu ƙirƙirar kalmomin fannu shawarar su ware ma'aunai uku: ƙarfi, ƙarko, dacewa. In ƙamus ya cure su cikin kalma guda, to ya koya wa ɗalibi harshen mai talla, ya bar na mai saye.